Ƙauye da Hukuma a Yammacin Zamfara: Tarihin Ƙasar Anka da Gummi da Bukkuyum

Galibin abin da aka rubuta na tarihin Zamfara labarin birane ne da sarakuna: wane ya gaji wane, wane ya ci wane da yaƙi, a wace shekara aka tashi daga wannan birni aka koma wancan. Wannan lacca za ta dubi al'amarin daga ƙasa, watau daga ƙauye, a yankin yammacin Jihar Zamfara inda ƙananan hukumomin Anka da Gummi da Bukkuyum suke. Abin da ake so a nuna shi ne, cikin shekaru fiye da 200 sunan hukuma ya sauya sau da yawa a wannan yanki, daga sarautar Zamfara zuwa Daular Usmaniyya, zuwa En'e, zuwa ƙaramar hukuma, amma dangantakarta da ƙauye kusan guda ce: tana zuwa ta karɓa, ba ta zauna ta tsare ba. Abin da ya auku a 'Yargalma a 2010 shi ne mafi girman shaida a kan haka, amma ba za a fahimce shi ba sai an fara da ƙasar kanta.

Ƙasa da ruwa

Gulbi biyu ne suka tsara zaman mutane a nan. Gulbin Zamfara ya biyo daga gabas ya ratsa ƙasar Anka da ta Bukkuyum, ya bi ta Gummi, ya nufi Jega kafin ya faɗa cikin gulbin Sakkwato. Gulbin Ka kuma yana kudu, wajen iyaka da ƙasar Zuru. Manyan garuruwa na bakin gulbin Zamfara suke, domin nan fadama take, inda ake shinkafa da damina, da rani kuma a yi lambu da su. A tudu ana noman gero da dawa da wake da gyaɗa da auduga, a gonakin da aka bar ɗorawa da kaɗanya da kuka da tsamiya a tsaye, saboda kowannensu abinci ne ko kuɗi. Tsakanin gulaben nan biyu kuwa, musamman kudu da Anka da Bukkuyum, daji ne mai faɗi, mai duwatsu da kwazazzabai, wanda mutane ba su cika shi ba. Can ne Fulani suke kiwo, can maharba suke farauta, can kuma wanda gona ta yi wa kaɗan a gari yake zuwa ya sari sabuwa.

Wanda ya iya sauraron sunayen garuruwa ba ya bukatar taswira. Ruwan Jema da Rafin Gero suna faɗin inda ruwa yake, Birnin Tudu da Yashi suna faɗin irin ƙasar, Ɓarayar Zaki tana tuna lokacin da namun dawa suke kusa da ƙofar gida. Sunayen da suka fara da tunga, kamar Tungar Daji da Tungar Guru, su ne suka fi muhimmanci ga mai nazarin mulki, domin tunga zango ce da manomi ko maharbi ko masunci ya kafa nesa da gari, tun tana bukkoki har ta zama ƙauye. Yawancin lokaci mutane ne suke riga hukuma isa wuri. Sai tunga ta yi rumbuna sa'an nan a san da ita. Ita kanta 'Yargalma sunanta na manoma ne, don galma ita ce garma a bakin mutanen yamma.

Ƙarƙashin wannan ƙasa akwai abin da manomi bai damu da shi ba a da. Daga Gummi zuwa yamma ƙasa ce ta rairayi da dutse mai taushi, irin ta kwarin Sakkwato. Amma Anka da Bukkuyum suna bisa tsofaffin duwatsu masu tauri, waɗanda masana ma'adinai suka raɗa wa sunan Anka, kuma a cikin jijiyoyin farin dutsen da suka ratsa su akwai zinariya. A wasu jijiyoyin zinariyar tana cakuɗe da dalma. Wannan haɗi ya kwanta shekaru aru-aru ba tare da ya cuci kowa ba.

Sarauta kafin zuwan Turawa

Anka ba ita ce cibiyar Zamfara ta asali ba. Birnin Zamfara yana can arewa, wajen Isa ta yau, kuma Gobirawa ƙarƙashin Sarki Babari suka ci shi wajen 1762, suka kafa Alƙalawa a ƙasarsa. Daga nan gidan sarautar ya yi ta ƙaura daga gari zuwa gari, irin su Kiyawa da Sabon Gari, yana gangarowa kudu, jama'a kuma suka watsu ƙarƙashin shugabanni dabam-dabam. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi kimanin shekara biyar yana wa'azi a ƙasar Zamfara kafin jihadi, kuma a 1805, bayan yaƙin Tsuntsuwa, jama'arsa ta zauna a Sabon Gari, arewa da Anka, kafin ta koma Gwandu. Zaman bai ƙare da daɗi ba. Rundunar da ke fama da yunwa ta shiga rumbunan talakawa, garuruwan Zamfara da yawa da suka yi maraba da ita suka juya mata baya. Wannan ƙaramin babi ne a tarihin jihadi, amma babba ne a tarihin ƙauye, domin ya nuna cewa manomi yana auna hukuma da abin da ta bar masa a rumbu. A zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, zuriyar sarakunan Zamfara ta zauna a Anka, inda take har yau. Bajamushen nan Kurt Krieger, wanda ya buga tarihin Zamfara a 1959, a Anka ya tattara labaransa, kuma Garba Nadama, wanda ya zama gwamnan Jihar Sakkwato daga baya, a kan tashi da faɗuwar wannan daula ya rubuta kundin digirinsa na uku a Jami'ar Ahmadu Bello a 1977.

Abin lura shi ne, Daular Usmaniyya ba ta naɗa sarki guda mai tuta a kan Zamfara duka ba, kamar yadda ta yi a Kano ko Katsina ko Zazzau. Ƙasar ta zama bayan gidan Sakkwato, kowane babban gari da sarkinsa, kowane sarki yana kai gaisuwa kai tsaye ta hannun wani babba a fadar Sarkin Musulmi. Laƙabin sarautun ma ya ishi shaida: Sarkin Zamfara yana Anka, Sarkin Mafara yana Gummi, kamar yadda wani Sarkin Mafaran yake Talatar Mafara, Sarkin Danko kuma yana Bukkuyum, ɗauke da sunan wani gari da ke kudu a ƙasar Zuru. Kowane laƙabi yana nuni ga wani wuri da ba nan mai shi yake zaune ba, alamar jama'ar da ƙaura da yaƙi suka yi ta jujjuyawa. Gummi ta sami wata daraja ta daban, domin tana kan hanyar fatake zuwa Jega da Gwanja, kuma ita ce cibiyar Kambarin Barebari, waɗanda suka shahara da fataucin goro.

A wannan tsari ƙauye yana ba da zakka da kuɗin ƙasa da gayya da samari idan yaƙi ya tashi. Abin da yake samu shi ne ganuwa: idan mahara suka taso, mutanen tunga su kwashe su shiga birni. Ciniki ne mai tsada, amma dai ciniki ne, kowane ɓangare ya san abin da ke kansa. Bugu da ƙari talaka yana da makami guda, watau ƙafarsa. Daji yana da faɗi, sarkin da ya matsa wa mutane sai ya wayi gari sun tashi, shi kuwa sarki da mutane yake sarki.

Zamanin En'e

Turawa sun ci Sakkwato ranar 15 ga Maris, 1903. Cikin 'yan shekaru suka yanka ƙasar gunduma-gunduma, suka mai da sarakunan Anka da Gummi da Bukkuyum iyayen ƙasa masu albashi a ƙarƙashin En'e ta Sakkwato. A nan ya kamata ɗalibin da ya fito daga Kano ya kiyaye, don a ƙasar Sakkwato da Zamfara mai gunduma shi ne uban ƙasa, hakimi kuwa shi ne mai ƙauye, wanda Kanawa suke kira dagaci. Gidan da ya taɓa mulkin daula guda ya koma yana aika rahoto ga Di'o, kuɗin da ya tara kuma ya tafi baitulmali a Sakkwato, inda ake yanke abin da za a yi da shi.

Haraji da jangali su ne ginshiƙin wannan mulki, kuma an yi zalunci mai yawa wajen karɓarsu. Babu mai musun wannan. Amma haraji yana da wata fuska da ba a cika ambato ba. Domin a karɓe shi, dole a ƙidaya mutane kowace shekara. Mai unguwa ya san magidantan unguwarsa, hakimi yana da takardar ƙauyensa, malamin haraji yana zagayawa, Di'o yana fita rangadi bisa doki har tungayen da mota ba ta zuwa. Idan mutane suka ragu a wani ƙauye, kuɗi zai ragu, kuma za a tambayi dalili. Ba don ƙaunar talaka aka shimfiɗa wannan hanya ba, amma labarin annoba ko yunwa ko rikicin burtali ta kanta yake hawa har ya kai ga Razdan.

Har ila yau a wannan zamani aka raba ƙasa gida biyu a doka. Saman ƙasa na noma ne da kiwo, yana hannun En'e da hakimai. Abin da ke ƙarƙashinta kuwa dokokin ma'adinai na 1916 da 1946 suka mallaka wa gwamnati. An haƙi zinariya a lardin Sakkwato a shekarun 1930, aikin ya ja baya lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ramukan suka zauna, mutanen wurin kuma ba su manta da inda suke ba.

Akwai abin mamaki a nan. Turawan da suka shimfiɗa wannan mulki sun fito ne daga ƙasar da ta ba ƙauye matsayi a doka. A Ingila ƙaramin yankin karkara shi ne farish, wanda asalinsa yankin coci guda ne, kuma dokar 1894 ta ce duk farish mai mutum 300 ko fiye ya zaɓi majalisarsa, wanda bai kai haka ba magidantansa su riƙa taruwa su yanke shawara. Majalisar tana da ikon sa ɗan kuɗi a kan mazauna don hanyoyin ƙafa da filaye da maƙabarta. Ƙaramin iko ne, amma na mutanen wurin ne. Ba su kawo irinsa nan ba sai a ƙurarren lokaci. Bayan da Abubakar Tafawa Ɓalewa ya tsaya a Majalisar Arewa a watan Agusta na 1950 ya nemi a gyara En'e, aka kafa majalisun gunduma da na ƙauye, dokar En'e ta 1954 kuma ta ba su gurbi. Sai dai yawancinsu na ba da shawara ne, uban ƙasa ne shugaba, kuɗinsu kuwa abin da Sakkwato ta ga damar sakowa.

Gyaran 1976 da abin da ya biyo baya

A 1967 yankin ya faɗa cikin Jihar Arewa maso Yamma, kuma ba da daɗewa ba gwamnatin soja ta karɓe 'yan doka da kotuna da gidajen yari daga hannun En'e. A watan Fabrairu na 1976 aka ƙirƙiro Jihar Sakkwato, a cikin shekarar kuma aka yi gyaran da ya kashe En'e, ya kafa ƙananan hukumomi iri ɗaya a duk ƙasa. Anka da Gummi suna cikin 19 na farko a Jihar Sakkwato; Bukkuyum daga baya aka cire ta daga Gummi. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta ɗora filayen karkara a hannun ƙaramar hukuma. A 1979 gwamnatocin PRP na Kano da Kaduna suka soke haraji, kuma tun daga nan bai sake samun ƙarfinsa na da ba a Arewa. Ranar 1 ga Oktoba, 1996 aka kafa Jihar Zamfara mai ƙananan hukumomi 14, aka ɗaga iyayen ƙasan da suka zama sarakunan yanka, Sarkin Zamfaran Anka ya zama shugaban majalisar sarakunan jihar. Darajar da ta ɓace tun 1762 ta dawo, aƙalla a suna.

A takarda duk wannan ci gaba ne, hukuma ta matso kusa. Amma a duba abin da ya sami ƙauye. Kuɗin ƙaramar hukuma yanzu daga asusun tarayya yake zuwa, watau daga man fetur, ya biyo ta asusun haɗin gwiwa da ke hannun gwamnan jiha. Saboda haka ciyaman ba ya bukatar sanin yawan magidantan Tungar Guru kafin ya biya albashi. Idonsa yana Gusau. Hakimi kuma an bar masa rawani, an ɗauke masa aiki: tsarin mulkin 1999 bai ambace shi ba ko sau ɗaya. An sauke wa talaka nauyin haraji, wannan alheri ne, amma ba a kafa wani dalili sabo da zai sa hukuma ta riƙa ƙidaya shi ba, in ban da lokacin zaɓe. Rajistar haihuwa da mutuwa tana cikin ayyukan da tsarin mulki ya lissafa wa ƙaramar hukuma. Wanda ya yi aiki a karkara ya san yadda littafin yake.

'Yargalma

Daga 2009 farashin zinariya a kasuwar duniya ya haura dala 1,000 kowace oza. Manoman Anka da Bukkuyum suka koma tsofaffin ramuka, suka buɗe sababbi. Ana fasa dutse da guduma, a kai shi injin niƙa irin na hatsi, a wanke garin, a kama zinariyar da zaiba. Da yake mata suna kulle kuma su ma suna neman abin kansu, sai aka riƙa kai musu dutsen cikin gida suna dakawa a turmi, suna shanya a tsakar gida. Dutsen da aka samu a wannan karo mai dalma ne ƙwarai. Ƙurarsa ta sauka a ƙasan da yara ke rarrafe, a kan hatsi, a bakin rijiya. Yara ƙanana suka fara amai da suma da jijjiga, suna mutuwa, iyaye suna zaton zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau.

A watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF, waɗanda suke zagayen sa ido a kan cututtukan bazara, suka ci karo da al'amarin. Da aka gwada jini aka ga gubar dalma ce. Binciken da Cibiyar Yaƙi da Cututtuka ta Amurka ta yi tare da jami'an Nijeriya a 'Yargalma ta Bukkuyum da Dareta ta Anka ya gano cewa, cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu a shekara guda, watau ɗaya cikin huɗu. A wasu wurare dalmar da ke cikin ƙasa ta wuce kashi 10 cikin 100. Cutar ta kama Abare da Sunke da Duza da Tungar Daji da Tungar Guru da Bagega, kuma an ƙiyasta yaran da suka mutu sun haura 400, ban da dubban da gubar ta taɓa wa ƙwaƙwalwa.

Tambayar da ta shafi ma'aikacin gwamnati ita ce: ina labarin ya tsaya? Mutanen ƙauye sun san 'ya'yansu suna mutuwa, su suke haƙa kaburbura. Sai dai babu littafin da ake rubuta mutuwar, babu jami'in da aikinsa ne ya lura cewa ta yi yawa. Akwai kuma tsoro, domin haƙar ba ta da lasisi, kuma zinariya ta fi gero kawo kuɗi nesa ba kusa ba. Wanda ya kai ƙara yana iya rufe wa garinsu hanyar abinci. Ko da labari ya kai sakatariyar ƙaramar hukuma, ikonta a kan rami ƙalilan ne, don tsarin mulki da dokar ma'adinai ta 2007 sun bar ma'adinai ga Gwamnatin Tarayya kaɗai. Rabon da aka yi tun 1916 ya haifi ɗansa: gidan yana ƙarƙashin hakimi, asibitin yana ƙarƙashin ƙaramar hukuma ko jiha, dutsen da ke kashe yaron kuwa na Abuja ne.

Maganin ma ya nuna inda ƙarfin ƙauye yake. Ba a ba yaro maganin fitar da dalma a mai da shi gidan da ke da guba, saboda haka sai da aka kankare saman ƙasar kowane gida, aka binne a rami mai nisa, aka zuba sabuwa. An fara da 'Yargalma da Dareta a watan Yuni na 2010, ana tsere da damina, yaran kuma aka kwantar da su a Bukkuyum da Anka. Ƙwararrun daga waje suka zo, amma ba su iya shiga gidan kulle ba sai da yardar sarakuna da hakimai da limamai, kuma da bakin waɗannan aka fitar da injinan niƙa bayan gari. Mutanen da doka ta manta da su, su aka nema da abin ya ɓaci. Bagega, wadda ta fi sauran girma, ta jira kuɗin tarayya: an yi alkawari a 2012, ba a sake shi ba sai farkon 2013.

Dajin da ya kasance mafakar talaka daga azzalumin sarki shi ne ya zama mafakar 'yan bindiga a shekarun da suka biyo. Gwamnatin Tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara a watan Afrilu na 2019, ba ta ɗage hanin ba sai Disamba na 2024. A watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya, aka rufe kasuwannin mako a jihar. A farkon Janairu na 2022 aka kai hari ƙauyukan Anka da Bukkuyum, ciki har da Kurfar Danya da Rafin Gero. Gwamnatin jiha ta ce mutum 58 suka mutu, mutanen wurin suka ce sun kai 200, kuma wannan tazara kanta ta nuna babu mai riƙe da lissafin ƙauye. A wurare da dama 'yan bindiga sun sa wa manoma kuɗi kafin shuka da kafin girbi, suna aikawa da saƙo ga hakimi ya tara. Mutane haraji suke kiransa.

Ranar 11 ga Yuli, 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, ba ta hannun gwamnoni ba. Ko da an aiwatar da hukuncin yadda yake, kuɗin a hedikwata zai sauka, kuma mataki mafi ƙanƙanta da ake zaɓa a Nijeriya shi ne kansila. Ƙaramar hukumar Bukkuyum tana da faɗin da ya haura murabba'in kilomita 3,000, ƙidayar 2006 ta ba ta mutum fiye da 200,000, mazaɓunta kuwa 10 ne. Kansila guda ke nan a kan kimanin murabba'in kilomita 300 da mutum 20,000, a ƙauyuka da tungaye da rugagen da wasunsu, idan gulbi ya kawo a watan Agusta, sai da jirgin ruwa ake isa gare su.